Yadda Za Ka Kori Saurayin Autarka da Yawon Buɗe Ido

Kai, uban 'ya mace, matso kusa. Idan autarka ta kawo maka wani siririn yaro daga birnin Shillong, mai farin takalmi da fararen haƙora da gashi har gira, ta ce wai shi ne, kada ka yi faɗa. Faɗa ba ya korar saurayi, daraja yake ƙara masa. Allah ya ba mu duwatsu, ya ba mu ruwan sama da babu irinsa, ya ba mu matakala dubu uku daga bakin ƙauye zuwa kwari. Su ne makamanka. Ka bi matakan nan bakwai yadda na tsara su, na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi an gama maganar yaron nan, gamawa ta har abada. Ni Kynsai, manomin tsintsiya a nan gefen garin Sohra, mai kaɗa ƙararrawar cocinmu shekara goma sha tara, da kaina na gwada su.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake tsoro

A al'adarmu ta nan, gidan da kake kwana ba naka ba ne. Na matarka ne, gobe kuma na autarta ne. Yaranka sunan dangin uwarsu suke amsawa, maganar aurensu kuma a bakin kawunsu take. Kai dai ka zo da akwatinka shekara ashirin da takwas da suka wuce, aka nuna maka kusurwa ka ajiye. Duk ka san wannan, ba don in ɓata maka rai na kawo shi ba.

Don ka gane girman abin ne. Manyan 'ya'yanka sun yi aure sun gina nasu, ko ragwaye suka aura can su ƙarata. Amma mijin auta cikin gidan nan zai tare. Ranar da ƙafarka ta ƙi, kuma ranar tana nan tafe, shi zai ɗauke ka ya kai ka bakin titi inda mota take tsayawa. To, dubi yaron da kyau. Nawa sunansa Teibor, aikinsa wai danna na'ura a ofis. Na dubi wuyansa, na dubi tsinken tsintsiyar da nake nomawa, na rasa wanda ya fi kauri.

Na ce wa matata Aitimon, "Wannan ko rabin buhun shinkafa ba zai ɗaga ba, balle ni."

Ta kira ni da sunan babbar 'yarmu, ta ce, "Baban Rida, ranar da ka fara zuwa gidan nan, inna tambayata ta yi ko tun haihuwa ba a ba ka abinci ba."



Yayanta, wanda duk gidan muke kira Kawu Shemphang, ya riga ya bincika. Ya zaunar da mu ya ce danginmu da na yaron ba su haɗu ba, saboda haka babu haramci. Ya yi dogon bayani kan asalinsa ma, amma ni lokacin takalmin nake kallo. Abin da na ji kawai shi ne ƙarshen: "Kynsai, ran Asabar ka zaga da yaron ka gan shi. Da yamma zan zo cin abinci, ka faɗa mini abin da ka gani, in yanke."

Ka ji? Sau ɗaya a rayuwarka an tambayi ra'ayinka. Kada ka yi wasa da shi.

Mataki na biyu: Ka gayyace shi da fara'a

Ka tabbata tsakiyar damina ce, lokacin da wanki ke yin mako uku a igiya yana ƙara jiƙewa. Idan ya tambayi wane takalmi zai sa, ka ce wanda ke ƙafarsa ya yi kyau ƙwarai. Kai kuma ka ɗauki knup ɗinka, wannan saƙar gora da ganye mai rufe mutum daga ka har baya kamar kunkuru. Shi ka bar shi da 'yar shuɗiyar rigar ruwansa ta birni.

Ka yi hattara da 'yarka. Tawa, Medari, a bakin ƙofa ta tare ni.

"Baba, me kake ƙullawa?"

"Haba auta. Baƙo ya zo ƙasar duwatsu, ba za a nuna masa duwatsu ba?"

"Tun safe kake murmushi. Rabonka da murmushi tun da akuyar maƙwabta ta mutu."

"Ke dai ɗora shinkafa."

"Ka dawo mini da shi cikakke. Kuma gwiwarka fa?"

Na ce gwiwata ta girme shi da shekara talatin, ta san hanya.

Mataki na uku: Ka nuna masa abin da ba a gani

Fara da matsirgar ruwa. Ka san bakin dutsen nan inda mutanen birane ke cika motoci su zo ɗaukar hoto. A wannan wata gajimare a nan yake kwana, ko tafin hannunka ba ka gani. Ka tsayar da shi, ka miƙa yatsa cikin farin, ka ce, "Ga ta can." Sannan ka yi shiru rabin awa. Na ga manyan mutane daga Kolkata sun yi hawaye a wurin.

Teibor rufe ido ya yi. Ya ce, "Baba, saurara. Ƙararta ta yi kauri, an sha ruwa a tudu jiya."

Gaskiya ne, an sha. Kada ka nuna masa.

Sai ka fito da goro. Ba na baƙi ba, wanda aka jiƙa ya yi wata huɗu a ruwa, ka naɗe a ganye, ka lafta masa farar ƙasa ninki biyu. Mai fararen haƙora ba ya jure wannan. Nawa ya karɓa da hannu biyu, ya tauna, kunnuwansa suka yi ja, gumi ya keto masa cikin sanyin nan. Na gyara tsayuwa ina jiran ya zube. Ya ce, "Na gode, Baba. Rabona da mai ƙarfi haka tun wurin kakata." Ya tofar da jan yawu, ya wuce inda nawa ke sauka da taku guda.

Ka riƙe wannan ilimi: yaron da ya gode maka bayan ka cuce shi, ko waliyyi ne ko ya fi ka sharri. Waliyyai kuwa ba sa sa farin takalmi.

Mataki na huɗu: Kurmin kakanni

A nan aikin yake. Ka san dokar kurmi kamar yadda ka san sunanka: ka shiga, ka kalla, ka fita yadda ka shiga. Ba a fita da ganye, ba a fita da tsakuwa, ko busasshen reshe ba a ɗauka. Mai kurmin, wanda ido ba ya gani, ba ya kai ƙara wurin kowa, da kansa yake bin kayansa. Akwai wanda aka ce wuyansa ya karkace, akwai wanda zazzaɓi ya riƙe har sai da ya mayar. Ni mutumin coci ne, ban yarda da waɗannan maganganu ba. Ina dai karkaɗe takalmina a bakin iyaka, don tsafta.

Kawu Shemphang kuwa, in ya ji an ce wane ya fito da abin kurmi, ko a jana'iza ba ya ƙara gaisawa da shi. Ka fara gane dabarar?

Ka jingine knup ɗinka a jikin dogon dutsen da ke bakin iyaka, don ya yi faɗi da hanyar ciki. Ku shiga. Ka nuna masa wani naman kaza a gindin itace, ka ce ya sunkuya ya duba da kyau. Yana sunkuye, ka tsinci ganye ɗaya a ƙasa, ka zura a aljihun rigar ruwansa, ka ja zif ɗin da ƙarfi har ƙarshe don kada ya faɗi. Da yamma, a gaban Kawu, sai ka ce, "Af, yaro, mene ne wannan a aljihunka?"

Kada zuciyarka ta dame ka. Kai cikin kurmi ka ɗauka, cikin kurmi ka ajiye. Wanda ya tsallake iyaka da shi, shi ya fita da shi. Kwana uku na yi ina juya wannan hujja, ban sami ɓaraka a jikinta ba.

Mataki na biyar: Kada ka karɓi rigar kowa

Wannan matakin da jan tawada ya kamata in rubuta shi.

Muna juyowa ruwa ya kece, irin wanda ko rufin kurmi ba ya tarewa. Kafin mu yi taku ashirin na jiƙe har ƙashi, haƙorana suna kaɗawa. Sai na ji abu mai ɗumi a kafaɗata. Yaron ya tuɓe rigar ya ɗora mini.

"A'a, a'a, riƙe abinka!"

"Haba Baba, rawar sanyi kake yi."

"Rawar murna ce! Cire!"

"Medari ta ce in ka yi tari ɗaya, kada in dawo. Miƙo hannun nan."

Ya zura mini hannu, ya ɗaure igiyar wuyan tamau kamar ana shirya yaro zuwa makaranta. Na kai hannu aljihu a ɓoye. Zif ya ciji yadi. Na ja, na murɗa, na roƙe shi. Ga dogon dutsen iyaka yana matsowa.

"Bar shi, Baba," in ji Teibor daga bayana, numfashinsa a ƙeyata. "Zif ɗin nan haka yake in an ja shi da ƙarfi. Wani abu kake nema a ciki?"

"Ni? Me zan nema a aljihun mutum?"

Haka na tsallake iyaka, ƙafar dama sannan ta hagu, da ganyen a jikina. Na waiga inda na jingine knup don in sa abina in mayar masa da rigarsa. Babu shi. Can na hango shi iska ta ɗauka, yana lilo yana gangarawa kwari kamar ya san abin da na yi.

Mataki na shida: Ka ci gaba kamar ba abin da ya faru

Yanzu hanya biyu ce a gabanka. Ko ka faɗi gaskiya ku koma ciki, ko ka gangara da shi matakala dubu uku da fatan ya karaya kafin kai. Uba mai mutunci ba ya ko kallon ta farko.

Muka gangara. Duwatsun sun yi santsi kamar an shafa musu mai. Ina ƙirga masa da ƙarfi don ya ji sauran. Matsattsaku suka hau farin takalmin nan, na ji daɗi ƙwarai, shi kuwa ya riƙa ɓalle su da farce yana tafiya, ko tsayawa bai yi ba. A ta ɗari huɗu gwiwata ta hagu ta ce ƙas. Na ce tsufa ne. A ta dubu wani kare ya fito daga gonar lemo, bai kalli fuskata ba, aljihun ya kalla. Na fara rera waƙar coci a hankali.

A ƙasa ga gadar saiwa a kan rafi, ruwa yana tafasa a ƙarƙashinta. Duk halin da kake ciki, kada ka fasa yi masa lacca. Na ce, "Ka ga wannan, yaro? Ba ƙarfe, ba siminti. Saiwar itace ce kakanni suka ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, shekara da shekaru. Wanda ya fara ɗaura ta ba shi ya fara taka ta ba. Ku mutanen birni ba za ku gane ba."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Yana faɗa yana kama wata 'yar sabuwar saiwa da ke reto, ya murɗa ta, ya cusa cikin saƙar, daidai yadda ake yi. Na gani. Ban ji daɗi ba.

A tsakiyar gadar gwiwar ta tafi gaba ɗaya. Na zube a zaune, na rungumi saiwa, ganyen nan ɗaya yana ja na ƙasa kamar dutsen niƙa.

Mataki na bakwai: Yadda ake zama a kwando da mutunci

Akwai gidaje huɗu a hayin rafin. Teibor ya ja ni gefe ya jingine, ya tafi, ya dawo da kwandon nan mai wurin zama da ake hawa da marasa lafiya tudu, da igiyar goshinsa. Tsohuwar da ta ara masa ta biyo shi tana dogara sanda. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wa zai ɗauki wa?"

Teibor ya durƙusa. Ya cire farin takalmin, ya ɗaure igiyoyin ya rataya a wuya. Ya tura gashin nan da na yi mako biyu ina zagi zuwa baya. A saman goshinsa ga kwarmin igiya, irin wanda ba a samu sai an yi shekaru ana dako.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

"A kwarinmu, Baba, can wajen Pynursla. Namu matakalan dubu huɗu ne da 'yan kai. Lemo da barkono na yi ta hawa da su tun ina shekara tara, har makaranta ta kai ni Shillong. Ai Kawu ya faɗa ranar nan, kana wurin."

"Ina wurin."

"Takalmina kake kallo."

Ga shawarata game da kwando. Baya za ka fuskanta, saboda haka duk abin da ka sauko kana fahariya a kansa za ka sake ganinsa a hankali. Ka naɗe hannu a ƙirji kamar mai duba gonaki. Kuma ka sani, duk wanda ka taɓa sani a duniya a ranar zai bi hanyar nan. Matan da ke saukowa daga kasuwa suka tsaya suka ba mu hanya.

"Baba Kynsai! Sayo ka aka yi ko sayar da kai za a yi?"

"Yaro, a ina ake samun irinka? Ni ma ina da tsoho a gida!"

Ka ɗaga musu hannu kawai.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ya sha wuya. Ta cikin saƙar kwandon ina jin bayansa yana rawa, ina jin numfashinsa kamar zuga-zugi. Sau biyar ya jingina gindin kwandon a kan duwatsun hutu, amma ko sau ɗaya bai zare igiyar daga goshinsa ba. A wajen ta dubu biyu na ce, "Sauke ni, zan rarrafa." Ya ce, "Baba, in kana magana nauyinka ƙaruwa yake yi."

Mataki na takwas

Na san bakwai na ce. Sauran biyun ba ni na tsara su ba.

Da muka iso tudu rana ta yi ƙasa, ruwa ya tsagaita. Hanyar gida dama take. Ya yi hagu.

"Kai, ina za mu?"

"Mayar da ajiyar mutane."

Ya sauke ni a cikin iyaka, bayan dogon dutsen. Ya durƙusa, ya kama zif ɗin da yatsa biyu, ya ɗan mayar da shi baya, ya ja. Ya buɗe kamar bai taɓa cijewa ba.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Baba, hannunka ya kai minti guda a aljihuna. Har na gaji da kallon naman kazan."

"Kuma ka iya buɗe shi tun ɗazu."

"Ba ka ce in buɗe ba. Cewa ka yi ba ka neman komai."

"To don me ka sa mini rigar?"

Ya dube ni da idanun nan masu kama da na ɗan maraƙi. "Sanyi kake ji, Baba."

Na ce ya ciro ganyen ya ajiye mu tafi. Ya girgiza kai. Wai wanda ya ɗauka shi ke mayarwa, shi ɗan dako ne kawai. Na zaro shi da hannuna, ya jiƙe ya naɗe, ko tsawon yatsa bai kai ba. Na ajiye shi a gindin itace. Na ce wasu 'yan kalmomi waɗanda ba sai fasto ya ji ba. Teibor ya juya baya yana sa takalminsa, ya yi kamar ɗaurin igiya aiki ne mai wuya.

Mataki na tara: Ka ba da rahoto

A kwando na shiga gidan. Kawu Shemphang yana zaune bakin murhu yana taunar goro, Aitimon tana kwashe shinkafa, Medari ta saki ludayi ta yo kanmu.

"Cewa na yi ka dawo mini da shi cikakke, ban ce ka hau shi ba!"

"Santsi ne ya kwashe shi a gada," in ji Teibor. "Amma Baba ya nuna mini komai. Har abin da ba a nuna wa baƙi."

Aitimon ta dubi shuɗiyar rigar da ke jikina, ta dubi fuskata, ta ci gaba da kwasar shinkafa. Matar nan ba a taɓa ba ta labari ba, ita dai sani take yi.

Kawu ya tofar a toka. "To, Kynsai. Ka gan shi. Yaya?"

Duk suka juyo gare ni. Ga damar da na shirya wa mako guda. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunsa suna karkarwa, goshinsa ya yi jan layi daga kunne zuwa kunne, na kuma san ba zai tona mini asiri ba.

Na ce, "Yana haki kamar tsohon bunsuru."

"Sai me?"

"Bai ajiye ni ba."

Kawu ya miƙa wa yaron goro da hannunsa. Aka gama maganar kafin rana ta faɗi, kamar yadda na yi maka alkawari tun farko.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, da ƙafarsa ya bi. Ba ruwana da gwiwarka. Likita ya ce tawa tsufa ne, Aitimon ta ce hali ne, ni kuma ban ƙara wucewa ta bakin kurmi ba tare da na cire hula ba. Ba ruwana da knup ɗinka in iska ta tafi da shi, ko da matan kasuwa in suka sa maka suna. Ba ruwana idan bayan wata shida ka tashi ka tarar da farin takalmi a bakin ƙofarka, mai shi kuma yana zaune a kujerarka ta bakin murhu yana shan shayi a kofinka. Kuma idan duk ranar da ka ɗaga murya a gidan ya miƙa hannu ga wata shuɗiyar riga da ke rataye, ya ja zif ɗinta a hankali gaba da baya yana kallon rufi, kada ka zo wurina, ni ma shiru nake yi.

Ya saƙa sabon kwando ya rataye a bayan ƙofa. Ya ce na lemo ne. Na duba, akwai wurin zama a ciki, kuma daidai ni.